Arthur Wharton: Ɗan Afirka ta Yamma da ya ci abinci da ƙwallo a Ingila tun 1889, aka binne shi a kabarin da babu suna

Ranar 7 ga Mayun 2022, ana cikin mintunan da alƙali ya ƙara bayan cikar lokaci a filin Benfica da ke Lisbon, Zaidu Sanusi ya sheƙo da gudu tun daga bayan fili ya zura ƙwallon da ta ba FC Porto kofin gasar Fotugal karo na 30. Zaidu ɗan Jega ne, garin da duk matafiyin da ya tashi daga Yalwan Yawuri ya nufi Birnin Kabi ko Sakkwato yake ratsawa. Tun daga wannan dare sunansa ya zama hujja a bakin duk saurayin da ke taka leda a filayen makarantun Yawuri da Ngaski da Shanga: tun da na Jega ya kai, me zai hana ni?

Tambayar tana da kyau, amma rabin labari take ɗauke da shi. Ɗaya rabin, wato abin da ke samun baƙon ɗan wasa a hannun masu kulob da masu rubuta doka, da inda yake ƙarewa idan ƙafa ta gaji, ya girmi Najeriya kanta. Wanda ya fara ɗanɗana shi daga wannan yanki namu wani mutumin Akara ne mai suna Arthur Wharton, wanda aka fi sani da baƙar fata na farko da ya riƙi ƙwallon ƙafa sana'a a Ingila.

Ɗan mishan da ya bar littafi ya kama gudu

An haifi Wharton ranar 28 ga Oktoban 1865 a unguwar Jamestown ta birnin Akara, a ƙasar da a wancan zamani ake kira Gwalkwas, Ghana ta yau. Ba ɗan talakawa ba ne. Mahaifinsa, Henry Wharton, limamin cocin Methodist ne da ya zo daga tsibirin Grenada. Mahaifiyarsa, Annie Florence, jinin sarautar Fante ce ta wajen uwa, ta wajen uba kuma 'yar wani ɗan kasuwa ce daga Sikotilan. Kawunsa, Francis Chapman Grant, attajiri ne mai jarida. Mahaifin ya rasu a 1873, kuma a 1882 dangi suka tura yaron Ingila don ya yi karatu ya gaji aikin ubansa. Ya fara da wata kwaleji a Cannock, daga baya ya koma Darlington a arewa maso gabashin ƙasar.

Mutumin Yawuri ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin ƙasar da Wharton ya fito. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro ta Yawuri da yawansu suke bi su ƙetare Kwara, kuma jikokin wasu daga cikinsu su ne ke zaune a zangunan Kumasi da Akara har gobe. Bambancin kawai shi ne, fatake yamma suka nufa da jakuna, shi kuwa arewa ya nufa a jirgin ruwa.

A Darlington ne aka gano cewa wannan ɗalibi yana da ƙafa. Ranar 3 ga Yulin 1886, a gasar guje-guje ta ƙasa da aka yi a Stamford Bridge cikin Landan, ya gudu yadi 100 cikin daƙiƙa 10 cif, lokacin da aka amince da shi a matsayin bajintar da ba a taɓa tabbatar wa wani ba a irin wannan gasa. Ya sake lashe kambun a 1887. A dai shekarar ya kafa tarihi a tseren keke tsakanin Preston da Blackburn, kuma yana buga wasan kurket.

Yana da kyau a ajiye wannan rana kusa da wata. Mako guda bayan gudun Wharton, ranar 10 ga Yulin 1886, gwamnatin Birtaniya ta ba kamfanin George Goldie takardar izinin da ta mayar da shi Royal Niger Company, kamfanin da ya yi iƙirarin mallakar gaɓar Kwara har zuwa ƙasashen Busa da Yawuri. Wato a cikin wata ɗaya Ingila ta tafa wa ɗan Afirka a filin wasa, ta kuma sa hannu kan takardar cinye ƙasar 'yan'uwansa. An gama taron Balin na rabon Afirka a watan Fabrairun 1885, jaridu kuma cike suke da rubuce-rubucen da ke nuna baƙar fata a matsayin wanda bai kai mutum ba. A cikin wannan iska Wharton ya yi wasansa, kuma laƙabin da 'yan jarida suka maƙala masa daga launin fatarsa kawai suka ciro shi.

Yadda ƙwallo ta zama sana'a

Ba za a fahimci rayuwar Wharton ba sai an san rigimar da ya tarar. Waɗanda suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, a 1863, 'ya'yan masu hali ne da suka fito daga manyan makarantu. A wurinsu wasa nishaɗi ne, karɓar kuɗi a kansa kuwa abin kunya. Magana ce mai daɗi ga wanda ya gaji dukiya. Ga leburan masaƙa a Lancashire, wanda duk yinin da ya bar aiki don wasa ko jinyar targaɗe za a yanke masa lada, wannan ƙa'ida tana nufin ƙwallo ba tasa ba ce.

Masu masaƙu da ke riƙe da kulob-kulob na arewacin Ingila suka samo dabara. Sai su ɗauko gwanaye daga Sikotilan, inda aka ƙware wajen ba da ƙwallo daga ƙafa zuwa ƙafa, su ba su aikin jeka-na-yi-ka a masana'anta, kuɗin gaske kuma a miƙa a ɓoye. Fergus Suter, wanda ya bar Glasgow ya koma Darwen a 1878, yana cikin na farko-farko. Ashe tun ranar gini, 'yan ci-rani ne suka ɗora tubalin sana'ar. A 1883 Blackburn Olympic, ƙungiyar ma'aikata, ta doke tsofaffin ɗaliban Eton da ci 2-1 a wasan ƙarshe na kofin FA, kuma daga nan kofin bai sake komawa hannun 'ya'yan gata ba.

Asiri ya tonu a 1884, lokacin da kulob ɗin Upton Park na Landan ya kai ƙarar Preston North End cewa tana biyan 'yan wasanta. Shugaban Preston, William Sudell, bai tsaya musu ba, ya amsa cewa yana biya. Aka kori Preston daga gasar. Kulob-kulob na arewa suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar, kuma ranar 20 ga Yulin 1885 FA ta sakko ta halatta biyan 'yan wasa. Sai dai ta gindaya sharaɗi: ɗan wasan da ake biya dole ya kasance an haife shi, ko ya zauna shekara biyu, cikin mil shida daga mazaunin kulob ɗinsa, kafin ya buga gasar kofi. Dokar farko ta sana'ar ƙwallo ke nan, kuma baƙo aka nufa da ita.

Wannan Preston ɗin ce ta hango Wharton yana tsaron gida a Darlington ta jawo shi. Abin mamaki ne a ce wanda ya fi kowa gudu a ƙasar an tsayar da shi a bakin raga, amma gola na wancan zamani ba irin na yau ba ne. Doka ta ba shi damar taɓa ƙwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filinsa, haka aka yi ta tafiya har 1912, don haka saurin ƙafa yana da amfani. Sannan 'yan gaba suna da izinin bangaje shi, su tura shi cikin raga da ƙwallon gaba ɗaya. Wharton ya yi suna da naushin ƙwallo mai nisa, da kuma wasa da hankalin 'yan kallo: yakan tsuguna a gindin turke kamar ba ruwansa, sai an buga ya zabura. Wani da ya gan shi ya ba da labari shekaru da yawa bayan haka cewa ya taɓa kama sandar saman raga ya yi lilo, ya cafke ƙwallo da ƙafafunsa, 'yan gaba uku da suka taso masa suka zube cikin raga.

Da shi a raga Preston ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1887, inda West Bromwich Albion ta fitar da ita da ci 3-1. A lokacin wasu marubuta wasanni sun ce ya isa a saka shi cikin tawagar Ingila. Ba a taɓa kiransa ba. Sai a 1978, shekara 91 bayan wannan wasa, Viv Anderson ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa babbar tawagar Ingila. A tsakani akwai Jack Leslie na Plymouth Argyle, wanda aka sanar da sunansa a tawagar a 1925 sannan aka janye shi shiru. Sai bayan kusan ƙarni guda FA ta amsa cewa an zalunce shi.

Shawarar da ta raba shi da tarihi

A 1888 Wharton ya bar Preston ya koma Sheffield don ya yi gudu na kuɗi, kuma a watan Satumba ya lashe babbar gasar tseren garin, wadda 'yan caca ke zuba dukiya a kanta. A lissafin wannan rana shawara ce mai ma'ana, domin gudu ya fi ƙwallo kawo kuɗi. Amma a daidai wannan kaka aka fara gasar lig ta farko a duniya da ƙungiyoyi 12, kuma Preston ta cinye ta ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba a wasa 22, ta haɗa da kofin FA ba tare da an zura mata ƙwallo ba. Sunayen 'yan wannan tawaga suna cikin kowane littafin tarihin wasan. Wharton ya fita daga ɗakin ana gab da ɗaukar hoto.

Ya dawo ƙwallo a 1889, ya sa hannu da Rotherham Town a matsayin ɗan wasan da ake biya. Daga wannan shekara ake ƙirga tarihinsa na zama baƙar fata na farko a sana'ar. Masana tarihi suna da ja a nan: Andrew Watson, haifaffen Guyana, wanda ya jagoranci Sikotilan ta lallasa Ingila 6-1 a 1881, ya buga wa Bootle a 1887, kuma akwai masu ganin an biya shi. Ko ma wane ne na farko, a cikinsu Wharton ne haifaffen Afirka.

Albashin ƙwallo bai isa riƙe gida ba, don haka ya haɗa da riƙon mashaya a Rotherham, irin sana'ar da kulob-kulob kan nema wa fitattun 'yan wasansu domin sunansu ya jawo masu saye. Ya yi aure a 1890. Rotherham ta ci gasar yankinta sau biyu a jere, 1892 da 1893. A 1894 Sheffield United ta ɗauke shi, amma ya yi rashin sa'a: a shekarar ce kulob ɗin ya kawo wani ƙaton saurayi mai suna William Foulke, wanda daga baya ya tsare wa Ingila raga. Wasa uku kacal Wharton ya buga. Ɗaya daga ciki, da Sunderland a farkon 1895, shi ya sa ya zama baƙar fata na farko a rukuni na ɗaya na gasar Ingila, kakan Firimiyar da ake cika gidajen kallo dominta a yau.

Daga nan sai gangara. Stalybridge Rovers, Ashton North End wadda ta talauce ta rufe a 1899, Stalybridge kuma, sannan Stockport County, inda ya rataye takalmi a 1902 yana da shekara 36. Shekara guda bayan haka Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa.

Akwai wani abu da ya faru a 1893 wanda, a ganina, ya fi duk wasanninsa bayyana matsayinsa. Wharton ya nemi aiki a gwamnatin mulkin mallaka ta Gwalkwas, wato ya so komawa gida. Aka ƙi ɗaukarsa. Phil Vasili, wanda ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1998, ya nuna cewa zamansa ɗan wasan da ake biya yana cikin abin da ya rage masa daraja a idon jami'an. Ga mutum mai ilimi, ɗan babban gida, amma sana'ar da ta ɗaukaka shi a Ingila ita ce ta toshe masa ƙofar ƙasarsa. Bai zama Bature ba, gida kuma ta fi ƙarfinsa.

Igiyar da ke wuyan ɗan wasa

A dai 1893 ɗin hukumar lig ta shigo da tsarin da ya ɗaure 'yan wasa shekara 70. Da zarar kulob ya yi wa mutum rajista, ba shi da ikon komawa wani kulob na lig sai da yardar na farko, ko da kwantiraginsa ya ƙare, ko da an daina biyansa. Daga nan aka samo kuɗin sayen ɗan wasa, kuma aljihun kulob yake shiga. A 1901 aka ƙara da ƙayyade albashi: kada ya wuce fam 4 a mako. Babu fansho, kuma wanda ya karye ya karye wa kansa.

Masu kulob ɗin ma ba waliyyai ba ne. Sudell na Preston, gwarzon halatta albashi, an ɗaure shi shekara uku a 1895 saboda wawure kuɗin masaƙar da yake shugabanta, kuɗin da ya riƙa ciyar da kulob da su. Duk wanda ya san yadda ake tafiyar da ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke riƙe da su a nan gida, inda kuɗin ƙwallo da kuɗin siyasa ke kwana a tukunya ɗaya, ba zai ji labarin baƙo ba.

Kwance wannan igiya ya ɗauki tsararraki, kuma ba kyauta aka yi ba. 'Yan wasa sun kafa ƙungiyar ƙwadagonsu a Manchester a watan Disamban 1907 ƙarƙashin Billy Meredith da abokansa. Sai a Janairun 1961, bayan barazanar yajin aiki da Jimmy Hill ya jagoranta, aka soke ƙayyade albashi, wanda a lokacin ya tsaya a fam 20. A 1963 George Eastham ya kai Newcastle United kotu ya yi nasara kan tsarin riƙe ɗan wasa. A Disamban 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Jean-Marc Bosman cewa wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba tare da an biya ko sisi ba. Miliyoyin da ake jin ana ambata a yau daga yajin aiki da zauren kotu suka fito.

Wharton bai ga ko ɗaya daga cikin nasarorin nan ba. Bayan ƙwallo ya koma leburanci, ya ƙare yana jan kekunan kwal a mahaƙar Yorkshire Main da ke Edlington kusa da Doncaster, kuma yana cikin ma'aikatan kwal lokacin babban yajin aikin 1926, wanda mahaƙa suka shafe wata bakwai suna ciki kafin yunwa ta mayar da su rami. Masu tarihinsa sun ce giya ma ta ci ƙarfinsa. Ya rasu a watan Disamban 1930 a wani gidan jinya da ke Balby, yana da shekara 65, ba shi da komai. Aka binne shi a maƙabartar Edlington, babu ko allon suna.

Daga Legas zuwa Jega

Shekara guda bayan rasuwarsa FA ta sake rufe ƙofa: daga 1931 baƙon da ba talakan Sarkin Ingila ba ne sai ya zauna shekara biyu a ƙasar kafin ya buga wasan kuɗi, dokar da ta tsaya har 1978. 'Yan ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ba ta shafe su ba, kuma ta wannan kafa 'yan Najeriya suka shiga. A 1949 tawagar farko ta ƙasar ta je Ingila ta buga wasa tara, akasarin 'yan wasan babu takalmi, ta ci wasan farko da Marine 5-2. Daga cikinsu Titus Okere ya sa hannu da Swindon Town a 1953, Teslim Balogun kuma, wanda ya taɓa buga wa Jos, ya je Peterborough United a 1955, sannan Queens Park Rangers.

A gida kuwa, sai a 1990 Najeriya ta fara gasar ƙwararru a hukumance, shekara 105 bayan Ingila, kuma a shekarar aka kafa Kano Pillars. Kafin nan abin da ake yi bai bambanta da dabarar masu masaƙun Lancashire ba: kamfani ko ma'aikatar gwamnati ta ɗauki ɗan wasa a matsayin ma'aikaci, aikinsa na gaskiya kuwa a fili yake. Rashidi Yekini daga ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya taso, ya bi ta Ibadan da Abijan ya kai Setúbal a Fotugal, ya zama gwarzon Afirka a 1993, ya ci wa Najeriya ƙwallo 37. Ya rasu a Ibadan a watan Mayun 2012 cikin kaɗaici da yanayin da har yau ake tambaya a kansa. Mu ma, ya kamata a faɗa, mun karɓi baƙi mun kuma kore su: 'yan Ghana da dama sun taka leda a kulob-kulob na Najeriya a shekarun arzikin mai, kafin korar baƙi ta 1983 zamanin Shagari, wadda ita ma ta biyo bayan korar da gwamnatin Busia ta yi wa 'yan Najeriya, har da Hausawan zango, a 1969.

Hanyar da Zaidu ya bi tana nuna yadda ƙofar take a yanzu. Bai tashi daga Jega ya sauka a Porto ba. Ya isa Fotugal a 2016, ya yi shekaru a Mirandela, ƙaramin kulob a rukunin ƙasa, sannan Santa Clara a 2019, sannan Porto a 2020. Ingila kuwa, tun Janairun 2021 ta koma tsarin maki wajen ba baƙon ɗan wasa izinin aiki, inda ake duba wasannin da ya buga wa ƙasarsa da ƙarfin gasar da ya fito, abin da ya sa da wuya yaro ya tashi kai tsaye daga filin unguwa ya shiga can. Wannan jikan sharaɗin mil shida ne na 1885. Duk dillalin da ya ce zai kai yaro gwaji Manchester ko Landan idan iyaye suka sayar da gona ko kwale-kwale, a tambaye shi ta wace kafa.

Doka ta biyu da ya kamata kowane uba ya sani ita ce sashe na 19 na ƙa'idojin FIFA kan sauya sheƙa: ba a kai ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo. Togaciyar kaɗan ce, kamar idan iyayensa sun ƙaura saboda dalilin da ba ƙwallo ba, ko idan gidansu da kulob ɗin duka suna cikin kilomita 50 daga iyaka, abin da zai iya shafar yaron Kamba amma ba na Yalwa ba. Ahmed Musa kansa, bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin cinikinsa zuwa VVV-Venlo ta Holan ya tabbata. Masu tsallake wannan doka ba su da wurin kai ƙara. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 daga Afirka ta Yamma zuwa kulob ɗin Champasak United a ƙasar Laos da sunan makarantar horo, suka ƙare suna kwana a ƙasa cikin filin wasa.

Akwai kuma kuɗin da ƙananan ƙungiyoyinmu ke bari a kan tebur saboda rashin takarda. Idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka raine shi ne daga shekara 12 zuwa 23. A ɗauka an sayar da yaro Yuro miliyan 10: Yuro 500,000 ke nan za a raba, kuma ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 kaɗai tana da Yuro 100,000. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris da ke bin sawun waɗannan kuɗi yana aika wa masu su. Amma ofishin rajista yake karantawa. Kocin da ya shekara huɗu yana saya wa yaro takalmi daga aljihunsa a bakin tafkin Kainji, idan ƙungiyarsa ba ta da rajista da hukumar ƙwallon jiha, sunan yaron kuma bai shiga kundin hukumar ƙasa ba, a idon wannan tsari bai taɓa horar da kowa ba. Wannan aiki ne na hukumar ƙwallon Jihar Kebbi da ma'aikatar matasa da wasanni, ba ya buƙatar gina katafaren fili, kuma tambaya ce da ta cancanci a yi wa duk ɗan takarar da ya zo raba riguna da kofi a gasar unguwa gab da zaɓe.

Ko wanda ya kai ma ba ya tsira daga abin da ya fi tsoratar da 'yan zamanin Wharton. Kwanaki kaɗan bayan Zaidu ya buga wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan ranar 11 ga Fabrairun 2024, ya ji mummunan rauni a gwiwa a Porto, ya shafe watanni yana jinya. Bambancinsa da Wharton shi ne kwantiragi a rubuce, da likitocin kulob, da albashin da bai tsaya ba, wato abubuwan da aka yi shekara 100 ana faɗa a kansu a Turai, waɗanda kuma ɗan wasan gasar cikin gida a Najeriya, mai bin bashin albashin watanni, har yanzu bai gama samu ba.

Kabarin Wharton ya shekara 66 babu alama. A watan Mayun 1997 wata ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta Sheffield, Football Unites, Racism Divides, ta tara kuɗi ta kafa masa dutse mai ɗauke da sunansa. A 2003 aka shigar da shi zauren gwarazan ƙwallon Ingila. A Oktoban 2014 FA, hukumar da ba ta taɓa kiransa tawagarta ba, ta ƙaddamar da mutum-mutuminsa a cibiyar horonta ta St George's Park, yana shawagi a sama yana ture ƙwallo ta kan sandar raga.